MUN KWANA A GINDIN DUTSEN IDANRE, NI DA MUTANEN GIDANMU

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da karatu ya kawo mu nan ƙasar Yarbawa. Rubutun nan da ɗan tsawo, wanda ke tsakiyar karatun jarrabawa ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Tun da na saka hotunan nan ranar Litinin ake ta jefo mini tambayoyi. Ina ne nan? Da gaske a waje kuka kwana? Ba ku ji tsoro ba? Har da mai cewa wai haɗin kwamfuta ne. To maimakon in yi ta amsawa ɗaya bayan ɗaya, gara in zauna in bayar da labarin gaba ɗaya.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu rayuwarmu a nan kamar murhu take, duwatsu uku: aji, masallaci, sai kasuwar Shasha idan kwaɗayin tuwo ko tsire ya motsa. Mutum zai yi shekara biyu ko biyar a Akure, ya karɓi takardarsa, ya hau mota ya koma gida, ka tambaye shi me ya gani a jihar Ondo, ba abin da zai lissafa maka sai bakin get da tasha. Kuma ban ga laifin kowa ba. Duk mun san abin da ya faru. A Janairun 2021 aka ba makiyaya wa'adin kwana bakwai su fice daga gandun dajin gwamnati na jihar nan. A Fabrairun shekarar aka yi rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. A Yunin 2022 aka kai hari coci a Owo aka kashe mutane da dama. Tun daga nan duk wanda aka gani da doguwar riga da hula a bakin daji sai an kalle shi sau biyu. Iyayenmu kuma kullum a waya magana ɗaya ce: ka tsaya kan abin da ya kai ka.

Ni aikin kwas ɗina ne ya fara fitar da ni. Jiyoloji nake yi, ba yadda za a yi ka rubuta bincike a kan dutse kana zaune a ɗaki. Sau uku muna zuwa Idanre da malamanmu, muna fasa dutse da guduma muna cika jaka. Duk zuwan da na yi sai in ce a raina, ina ma Baba ya ga wurin nan. Domin mu asalinmu 'yan Kwatarkwashi ne a jihar Zamfara, duk wanda ya taɓa bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ya ga dutsenmu. Baba a gindinsa aka haife shi, kuma mun tashi muna jin labarin yadda suke hawansa suna yara, da labarin kamun maiki da mutanen da ke yi.

Sai ga dama ta samu. Yayana yana aiki a Lakwaja, Baba ya zo wajensa duba lafiya zai yi sati uku, autarmu kuma tana can tana hutu. Na kira Yaya na ce ku zo mu hau dutse, mu kwana a tanti. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai lafiyarka ƙalau kuwa? Mutane na gudun daji kai kana gayyatar mu da yara?" Anti kuwa da ta ji, cewa ta yi ita ba da ita ba, ba da 'ya'yanta ba. Baba ne ya raba gardamar. Ya ce a ba shi wayar, ya tambaye ni abu biyu kawai: akwai wanda ka sani a garin, kuma masu garin sun san za mu zo? Na ce akwai abokin karatuna ɗan asalin Idanre, mahaifinsa dattijo ne a unguwarsu, kuma zan bi ta kansa. Ya ce, "To mu tai."

Sun taso Lakwaja ranar Juma'a da hantsi, suka biyo ta Okene da Owo, suka iso Akure kafin la'asar, don mun yi alkawari ba tafiyar dare a hanyar nan. Su bakwai: Baba, Yaya, Anti, Auta, sai yara uku, Ummi mai shekara 11, Abba mai 8, da ƙaraminsu mai 4. Da yamma muka shiga Shasha muka sayi albasa, tumatir, attaruhu, nama kilo biyu, gawayi, da burodi. Anti ta zo da dambun nama da ƙuli-ƙuli da garin kunu. Tantuna uku na aro su wajen wasu ɗalibai masu ƙungiyar yawon duwatsu, kuma biyu daga cikinsu, namiji da mace, suka yarda za su same mu ranar Lahadi da igiyoyinsu.

Daga Akure zuwa Idanre tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Tun kafin ka shiga garin za ka fara ganin gonakin koko, da kokon da aka shanya a bakin titi, warinsa mai ɗan tsami yana shigowa mota. Sai kuma duwatsun su fara fitowa, manya-manya, masu sulɓi, sun kewaye garin ta ko'ina kamar an kifa ƙore. Yaran da ke ta surutu a baya duk suka yi tsit. Baba ya ɗan sauke gilashi ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wanga ɗan'uwan namu ne."

Kuma maganarsa daidai take, ko a wajen masana. Dutsen Idanre da na Kwatarkwashi da Kufena ta Zariya duk dangi ɗaya ne, giranit ne wanda ya samu kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce a lissafin masu binciken ƙasa. Narkakken dutse ne ya taso daga can ciki, bai fito waje ba, ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa. Hucewar a hankali ita ta sa ƙwayoyinsa suka yi girma, har kana ganinsu da ido, wasu kamar ɗan yatsa. Sai ruwa da iska suka yi ta cinye abin da ke samansa har ya bayyana. Da nauyin da ke danne shi ya tafi, sai ya riƙa sakin ɓawo falle-falle kamar albasa, shi ya sa kansa yake zagaye. Na yi wa Baba wannan bayanin a mota, ya saurara har ƙarshe, ya ce ikon Allah, sannan ya ƙara da cewa ashe kuɗin makarantar ba a banza suke tafiya ba.

Mun fara sauka gidan su abokina muka gaisa da mahaifinsa. Dattijon ya kira wani ya raka mu wajen masu kula da dutsen, aka rubuta sunayenmu, muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ɗan jagora. Shi ne kuma ya nuna mana inda za mu kafa tanti, wani fili a gefen gonar ɗan'uwansa, kusa da gidajen mutane, ba cikin daji ba.

Matakalar hawa sun fi 600, an yi su da siminti, kuma akwai wuraren hutawa biyar a hanya. Ummi da Abba sun ce sai sun ƙirga, har yau ba su daidaita ba, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya tsallake. A ƙasa Yaya ya so Baba ya zauna a inuwa ya jira mu, saboda hawan jininsa. Kun san halin iyayenmu, ba ya kiran sunan ɗan fari, sai ya dube ni yana nuna Yaya da baki ya ce, "Ka ji wancan. Ni da anka haihwa gindin dutsi za a ce mani in zamna in yi gadin takalma? Ku tai, ina nan biye." Muka yi yarjejeniya: a kowane wurin hutawa sai ya zauna minti goma, ya sha ruwa, kuma idan ya ji jiri ko nauyin ƙirji za mu juya gaba ɗayanmu. Yaya ya saɓa ƙaramin a wuya, ni na tsaya bayan Baba.

Matakala ɗari na farko wasa ne. Daga wurin hutawa na biyu ne za ka gane ko kana motsa jiki ko ba ka yi. Anti da ta ce ba da ita ba, ita ce a gaba, ta ɗaure gyale a ƙugu tana ta jan Abba. Yaya, mai zaman ofis, shi ne ya fara neman wurin zama. Baba kuwa tafiyarsa ɗaya ce tun daga ƙasa, ba sauri ba tsayawa, hannu ɗaya a baya, yana taka kowace matakala da tafin ƙafa gaba ɗaya. Wasu samari da suka wuce mu a guje a farko, a hutu na huɗu muka same su kwance suna haki. Ɗayansu ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Alaji, wel don sa." Kusan awa biyu muka yi kafin mu kai, amma mun kai dukkanmu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, a saman nan gari ne guda. Mutanen Idanre ɗaruruwan shekaru suka yi suna zaune a can, duwatsun suna kare su daga yaƙi da masu kamun bayi. Sai daga shekarun 1920 suka fara saukowa, da hanyar mota ta zo, noman koko ya kankama. Har yanzu tsohuwar fadar sarkinsu, wanda suke kira Owa, tana nan da ginshiƙanta na itace masu sassaƙa. Akwai tsohuwar kotu, akwai tsohuwar makarantar firamare ta ginin ƙasa, akwai wani ƙaramin rafi mai sanyi da suke kira Arun, akwai wasu zane-zane a jikin dutse da suke cewa rubutu ne da ba mai iya karantawa. Tun 2007 wurin yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO don a duba sanya su cikin kayan tarihi na duniya.

Akwai kuma wuraren da suke girmamawa a al'adarsu, ɗan jagoran ya ce nan ba a shiga, can ba a ɗaukar hoto. Ba mu shiga ba, ba mu ɗauka ba, kuma Baba ya ja wa yara kunne kada wanda ya yi dariya ko ya nuna da yatsa. Da aka kai mu wajen wani sawun ƙafa a jikin dutse, wanda suke dangantawa da wani magabacinsu Agboogun, masu yawon buɗe ido suna ta saka ƙafa a ciki. Abba ya fara cire takalmi, Anti ta harare shi, ya mayar. Ɗan jagoran bai ji haushi ba, mu ma ba mu yi masa wa'azi ba. Azahar ta same mu a can, muka koma gefe kan wani falalen dutse, matafiya suka yi kasaru suka haɗa da la'asar. Ruwan da ya rage na sha ne, kuma mun yi nisa da rafin, don haka wanda alwalarsa ta karye ya yi taimama a jikin dutsen.

Bayan sallah Baba ya zauna yana kallon garin a ƙasa, rufin kwano ja-ja cike da kwarin, hazon hunturu ya ɗan lulluɓe shi. Ya ce da ɗan jagoran, ta bakina, su waɗannan tsoro ne ya hau da kakanninsu sama, zaman lafiya ya sauko da su. Ya ce mu kuma a wajenmu yanzu mutanen ƙauye ne ke tattara kaya suna gudowa cikin gari, dutse da daji an bar wa masu bindiga. Ɗan jagoran ya ce yana ji a rediyo. Daga nan ba wanda ya ƙara magana har muka fara sauka.

Saukowa ta fi cin gwiwa, wannan ku riƙe. Mun iso ƙasa wajen biyar, muka kafa tantuna kafin duhu: ɗaya na mata da ƙaramin, ɗaya na Yaya da Abba, ɗaya ni da Baba. Muka share ganye a kewaye saboda maciji da kunama, muka hura gawayi a kurfoti maimakon mu kunna wuta a ƙasa, don lokacin rani ne kuma gonar koko ce a gefenmu. Anti ta yi dafa-duka, ni na gasa nama, Auta ta dafa shayi da citta da kanumfari. Abokina ya kawo mana doya da ayaba daga gidansu ya zauna tare da mu.

Wajen ƙarfe goma na dare muka ga hasken tocila huɗu suna tahowa ta cikin gona. Nan fa ake yin ta. Ummi ta riga kowa gani, ta shige bayan uwarta jikinta na rawa. Yarinyar nan tana 'yar shekara bakwai aka kwashe 'yan matan makarantar Jangebe, kuma a unguwar da suka zauna a bakin Gusau ta sha jin harbi cikin dare. Har suka koma Lakwaja ba ta yarda a kashe fitila idan za ta kwanta. Dalilin da ya sa Anti ta ƙi tafiyar tun farko ke nan.

Mafarauta ne masu sintirin unguwa, biyu da bindigar toka. Wani ne ya je ya ce musu ya ga Hausawa sun kafa tanti a bayan gari. Abokina ya tashi ya tare su da Yarbanci, ya ambaci sunan mahaifinsa, ya kira shi a waya ya miƙa wa babbansu. Ni na fito da katin makaranta, Yaya ya fito da na aiki. Baba bai tashi daga kan darduma ba, ya dai ce a zuba musu shayi. Babban nasu, wani tsoho mai furfura, ya haska fuskar Baba, ya haska yara, sai ya kashe tocilar ya ce da Hausa, "Sannu Alhaji. Daga wane gari?" Ashe a ƙuruciyarsa yaron mota ne, sun yi shekaru suna kai goro Sakkwato. Da Baba ya ce Kwatarkwashi, sai ya ce ya san dutsen, a gindinsa motarsu ta taɓa lalacewa suka kwana biyu, mutanen garin suna kawo musu fura. Ya zauna ya sha shayi kofi biyu, ya ce a kwanta lafiya, suna nan suna zagayawa har asuba.

Kada in yi muku kwalliya, ba duka ne suka sake ba. Wani matashi a cikinsu bai zauna ba, bai sha shayin ba, ya ɗauki hoton katunanmu da lambar motar Yaya, ya leƙa cikin kowane tanti. Abin ya sosa mini rai, don na san da wasu ne suka kafa tantin ba za a leƙa ba. Da suka tafi na faɗa wa Baba haka. Ya ce in tuna, da a ce yau a garinmu aka ga baƙi sun kafa tanti bayan gari, me 'yan sa-kai za su yi musu? Ya ce wanda aka kashe wa mutane a wurin ibada, idan ya tsaya a duba kati, ya yi ƙoƙari. Ban ce na gamsu gaba ɗaya ba, amma ban samu amsar da zan ba shi ba.

Daren nan Baba ya ƙi shiga tanti. Ya sa na rataya masa gidan sauro a reshen bishiya, ya shimfiɗa tabarma, ya rufa da bargo. Na kwanta kusa da shi. Can cikin dare, na ɗauka ya yi barci, sai na ji ya ce, "Shekara shida ke nan ban taka gonata ta bayan dutsi ba. Gonar da ubana yab bar mani. Yau ga ni ƙasar Yarbawa kwance hilin Allah." Bai ƙara komai ba. Anti ta ce ita ba ta runtsa ba sai bayan asuba. Ummi kuwa, da tocila a kunne a hannunta ta kwanta, amma ta yi barci.

Da safe masu igiya suka iso. Suka kai mu wani ɓangaren dutse mai kwantacciyar fuska, tsayinsa bai fi bene mai hawa uku ba, wanda ake iya zagayawa ta baya a hau kansa da ƙafa. Namijin ya hau ya ɗaure igiyar a sama a wuri biyu daban-daban, yadda ko ɗaya ya saki ɗayan zai riƙe, ya zura ta cikin ƙugiyoyin ƙarfe masu makulli, ya sako bakin biyu ƙasa. Baki ɗaya ana ƙulla shi a ɗamarar da mai hawa ke sawa a ƙugu da cinyoyi. Ɗaya bakin yana hannun mai riƙo, ya bi ta cikin wani ɗan ƙarfe da ke maƙe igiyar idan aka ja ta ƙasa. Kana hawa yana janye rarar igiya, don haka ko ka zame ba za ka faɗi ba, sai dai ka yi lilo kaɗan. Ga hular kwano saboda tsakuwa. Kafin kowa ya taka dutse sai su biyun sun duba ƙullin juna, ko da sun yi sau ɗari.

Dabarar da suka koya mana ta saɓa wa abin da jiki ke so. Idan tsoro ya kama ka, so kake ka rungume dutsen, kuma da ka manna ƙirji sai ƙafa ta zame. Sai dai ka miƙe, nauyinka ya sauka a kan ƙafa, ka nemi 'yan ƙwayoyin nan da suka fito ka taka, hannu na daidaita tsayuwa ne kawai. Baƙin layin da ke gangarowa a jikin dutse kuma a guje shi, hanyar ruwa ce, gansakuka ce ta bushe a wurin, da ta ji laima ta zama sabulu. Abin da ya sa ba a wannan wasan da damina ke nan.

Abba ya haye kamar ƙadangare. Yaya ya kai rabi ya ce shi ya ga abin da ya gani, a sauke shi. Auta ta hau har ƙarshe. Ga 'yan uwa mata masu tambaya: dogon wando mai faɗi ta sa da riga har gwiwa, da ƙaramin hijabi da ta cusa bakinsa cikin riga, don mayafi mai yawo yana iya shiga cikin ƙarfen igiya. Macen cikinsu ce ta ɗaura mata ɗamara, ita ce kuma ta riƙe mata igiya.

Ummi ba wanda ya ce ta hau. Ita ta zo ta tsaya kusa da ni ta ce, "Baffa, ni ma." Ta hau a hankali, ba ta kalli ƙasa ba, har ta taɓa ƙugiyar sama. Matsalar a saukowa take, domin dole ka saki dutsen, ka jingina baya a kan iska, ka bar nauyinka ga wanda ke ƙasa. Nan ta ƙame. Ta manne da dutsen tana kuka, mai riƙo na lallashi da Turanci, uwarta na kira, ubanta na kira, ba ta ko motsi. Namijin ya fara shirin hawa ya same ta. Sai Baba ya taso ya tsaya daidai ƙarƙashinta. Sunan Mama gare ta, don haka tun tana jaririya matarsa yake ce mata. Ya ɗaga murya ya ce, "Ke matata, in ba ki sabko ba yanzu, ga wata Bayaraba nan mai doya, aure za ni yi, kuma ɗakinki za ta shiga." Tana kuka tana dariya ta ce wallahi bai isa ba. Ya ce to ta saki hannu ɗaya ta nuna masa bai isa ba. Ta saki ɗaya. Ta saki ɗayan. Aka sauko da ita a hankali, tana takawa da baya. Da ƙafarta ta taɓa ƙasa ta zauna ta sha ruwa, bayan kamar minti goma ta ce za ta sake. Ta sake sau biyu.

Ba zan ce muku dutse ya warkar da ita ba, jiya ma da na kira Anti ta ce har yanzu da fitila take kwana. Amma ta ce tun da suka koma, duk wanda ya shigo gidan sai Ummi ta nuna masa bidiyon, kuma ta tsallake wurin kukan.

Ga masu son zuwa, ga abin da zan ce:

1. Kada ku je a ɓoye. Baƙon da bai yi sallama ba mugu ne. Ku bi ta hannun ɗan gari, ku rubuta suna wajen masu kula da wurin, ku ɗauki ɗan jagora, kowa da katin makarantarsa. Idan kwana za ku yi, masu unguwa da masu sintiri su sani tun da rana, kuma ku kwana kusa da mutane.

2. Ku je da rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku fara hawa da sassafe. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita biyu, da kambas mai kama ƙasa. Silifas da takalmin fata a bar su a mota.

3. Hawa da igiya sai da wanda ya iya kuma yake da kayan aikin. Igiyar shanya ko ta ɗaurin kaya ba ta wannan aikin, rai ne a kai.

4. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko asma ya tambayi likita tukuna, ya tafi da maganinsa.

5. Abin da suka ce ba a taɓawa, kada a taɓa. Kada a rubuta suna a jikin dutse, kuma duk ledar da kuka shiga da ita ku fito da ita. Ana kallonmu, kuma abin da ɗaya ya yi, dukkanmu za a ce.

Waɗanda ke Ibadan ga Ado-Awaye kusa da Iseyin, mai tafki a saman dutse. Na Abeokuta ga Olumo a cikin gari. Na Ife ga ruwan Erin-Ijesha. Ba sai an kwana ba, wuni ɗaya ma ya isa.

Mun yi magana da masu igiyar nan, sun ce idan muka kai mutum goma za su sake fitowa da mu bayan jarrabawa, kafin ruwa ya sauka, maza da mata kowa da ɓangarensa. Mai sha'awa ya same ni bayan sallar Juma'a ko ya turo saƙo, mu san yawanmu da wuri saboda mota da tantuna. Baba ya ce in gaishe ku, ya ce kuma ranar da hanya ta yi kyau shi zai yi muku jagora zuwa saman namu dutsen.

Allah Ya zaunar mana da yankunanmu lafiya, Ya mayar da manoma gonakinsu, Ya ba mu sa'ar abin da muka zo nema. Amin.